Yadda Ake Koyar da Triniti da Shaidar Bangaskiya a Ajin Baftisma

Duk yaron Kirista da ya tashi a Katsina, ko Daura, ko ƙauyukan Malumfashi da Kafur, kafin ya zauna a ajin baftisma an riga an yi masa tambayar nan, ko a makaranta ko a bakin rijiya: "Wai ku Allah nawa gare ku?" Wani ya yi shiru, wani ya ce uku, wani ya ce ɗaya, amma da aka ce masa "To Isa fa?" sai ya rasa ta cewa. Saboda haka malamin aji, katikis ne ko mai bishara ko dattijon da Baba Fasto ya ɗora wa aikin, ba fili ya tarar ba. Akwai abin da aka riga aka shuka a kan ɗalibansa. Yawancin aikinsa kuwa wajen koyar da Triniti, wato Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, gyaran kalmomi huɗu ne: ɗaya, uku, Ɗa, da haifaffe. In waɗannan suka zauna daidai, sauran darasin ba ya wuya.

Shirin da ake yi kafin a buɗe aji

A ware zama shida, kowanne kamar awa ɗaya, sau ɗaya a mako. Mutum goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa aji guda. In sun haura ashirin a raba su, domin dole kowa ya buɗe baki shi kaɗai a kowane zama, kuma a cikin taro ne mai kuskure yake ɓuya. A ƙauye a sa ajin bayan kaka, lokacin da amfani ya shiga rumbu. Wanda ya buɗe aji tsakiyar damina zai yi ta maimaita darasi ɗaya ga fuskoki daban-daban. Matasa da dattawa kada a haɗa su in da hali, don tsoho ba zai yarda ya yi kuskure gaban jikansa ba, sai ya gwammace ya yi shiru.

Kayan aiki kaɗan ne: allo da alli, Littafi Mai Tsarki, da babban kwali da aka rubuta Shaidar Bangaskiya da manyan haruffa. A rubuta lafazin da majami'arku take karantawa ranar Lahadi, shi kaɗai. Ɗariku sun ɗan bambanta a kalmomi, wasu "na ba da gaskiya", wasu "na gaskata", kuma in aka kawo biyu a aji ɗaya hadda ba za ta zauna ba. A kuma duba wace fassarar Littafi kowa ya riƙo. Mai tsohuwar fassara, wadda asalinta ta fito a 1932, zai ga Kubawar Shari'a da Yohanna, mai sabuwa kuma zai ga Maimaitawar Shari'a da Yahaya. In ba a faɗa musu tun ranar farko cewa littafi ɗaya ne ba, rabin lokacin zai tafi a neman shafi.

Wani ƙaramin abu da ake rainawa: lanƙwasar harafin Ɗ. A allo ko a saƙon WhatsApp na ajin, in aka rubuta "Uba da Da da Ruhu" mai koyon karatu zai tsallake kalmar gaba ɗaya. A rubuta Ɗa da babban baƙi da lanƙwasarsa koyaushe.

Malam kansa ya san cewa shaidar bangaskiya iri uku ce ikkilisiya ta gada. Ta Manzanni ita ce gajeriya, ita aka fi haddacewa. Tushenta tambayoyi uku ne da ake yi wa mai karɓar baftisma a ikkilisiyar Roma ta farko, game da Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, amma lafazin da muke da shi yau bai daidaita ba sai wajen ƙarni na 8. Labarin cewa manzanni goma sha biyu sun zauna kowa ya ba da jimla ɗaya daga baya aka ƙirƙiro shi, kada a koyar da shi a matsayin tarihi. Ana ce mata ta Manzanni ne don koyarwarsu ta tattara. Ta biyu ita ce ta Nikiya, wadda taron bishop-bishop ya tsara a garin Nikiya a 325 aka cika ta a 381, ita Katolika da Angilika suke karantawa a sujadar Jibin Ubangiji. Ta uku ana jingina ta ga Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ko da yake ba shi ya rubuta ta ba, da Latin aka rubuta ta bayan rasuwarsa da daɗewa. Doguwa ce, ba a ba ɗalibai su haddace ta, amma malamin da ya karanta ta sau biyu sau uku zai ga ta toshe kusan kowace ƙofar kuskure. Tsarin da ya fi aiki shi ne ɗalibai su haddace ta Manzanni, a yi bayani da ta Nikiya, malam ya auna bakinsa da ta Atanasiyus.

Zama na farko: kada a ambaci uku

Wannan shi ne inda malamai da yawa suke gaggawa. A zama na farko Allah ɗaya kawai za a koyar. A karanta Maimaitawar Shari'a 6:4, sannan Markus 12:29 inda Yesu da bakinsa ya maimaita ayar ya ce ita ce kan umarnai, sannan Ishaya 45:5, da 1 Timoti 2:5. A bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya a tambaye su Allah nawa ne, kowa ya amsa da murya. Shaidar Nikiya da haka ta buɗe: mun ba da gaskiya ga Allah ɗaya, Uba Mai Iko Duka, Mahaliccin sama da ƙasa, da dukan abin da ake gani da wanda ba a gani.

Sai a ja layi ɗaya a kwance a tsakiyar allo. A sama a rubuta Mahalicci, a ƙasa a rubuta halitta. A bar ɗalibai su kawo abubuwa a sa a ƙasa: mutane, dabbobi, rana, wata, mala'iku, annabawa, aljanu. A cikin waɗanda iyayensu ko kakanninsu suka fito daga tsafin gargajiya, a tabbatar an ambaci iskoki an sa su ƙasan layi, domin su ma suna cikin abin da ba a gani wanda aka halitta. Babu wuri na uku, babu mai zama a kan layin. Kada a goge wannan zane. In allon na makaranta ne da wasu za su yi amfani da shi, a sake ja a farkon kowane zama, don duk gardamar da ta kai ikkilisiya Nikiya a kan wannan layi take.

Zama na biyu da na uku: Ɗa

A nan za a daɗe. Kunnen Bahaushe in ya ji "ɗa" sai ya hango miji da mata da ciki da suna. Maƙwabtanmu Musulmi suna karanta Ƙulhuwallahu kullum, inda aka ce Allah bai haifa ba kuma ba a haife shi ba, kuma ɗalibanmu sun ji ta tun suna goye. Don haka abin da za a fara faɗa ƙarara shi ne wanda Kirista ba su yarda da shi ba: Allah bai yi aure ba, ba shi da mata, bai kusanci Maryamu ba. Duk wanda ya ce haka ya yi saɓo a wurin Kirista ma. A sa ajin su maimaita wannan da bakinsu.

Wasu malamai sukan kawo "ɗan Katsina", "ɗan kasuwa", "ɗan hanya" don su nuna Hausa tana cewa ɗa ba tare da haihuwar jiki ba. Yana da amfani wajen buɗe kunne, amma a tsaya nan. In aka zarce da shi ɗalibi zai ɗauka Ɗan Allah laƙabi ne kawai na girmamawa, kamar yadda ake kiran wani ɗan gari, alhali shaidar tana nufin abin da ya fi haka nesa.

Hanyar da ta fi zama ita ce bambanta haihuwa da ƙira. Masassaƙi ya sassaƙa turmi, turmin ba mutum ba ne, icce ne. Maƙeri ya ƙera garma, garma ƙarfe ce. Amma abin da masassaƙin ya haifa mutum ne kamarsa, ba ya kasa shi mutuntaka ko da ƙwayar gero. Abin da aka ƙera wani iri ne daban, abin da aka haifa irin mai haihuwar ne. Wannan shi ne nauyin jimlar Nikiya: haifaffe ne, ba halitacce ba, ainihinsa ɗaya da Uba. Daga nan sai a cire wa haihuwar abubuwa uku da suke na 'yan Adam: babu mace, babu jiki, babu lokaci. Na ukun shi ya fi wuyar shiga. A wurinmu uba yana riga ɗansa zuwa duniya. A wurin Allah babu "kafin" da "bayan", Uba bai taɓa zama ba tare da Ɗa ba. Shi ya sa shaidar ta ce Haske daga Haske: ba a taɓa samun fitila tana ci ba haskenta sai daga baya ya iso.

Kuskuren da ake yawan samu a nan shi ne haɗa haihuwa biyu. Ɗalibi yakan ɗauka Yesu ya zama Ɗan Allah ne ranar da Maryamu ta haife shi a Baitalami. A raba su a allo. Ta farko tun fil'azal ce, daga Uba, ba uwa. Ta biyu a cikin tarihi ce, daga budurwa Maryamu ta ikon Ruhu Mai Tsarki, ba uba na jiki. A karanta Yahaya 1:1 da 1:14 a jere, sannan Yahaya 8:58 da 17:5, inda ya yi maganar kasancewarsa kafin Ibrahim da kafin duniya. Kalman, wato Ɗa, yana nan tun farko, jiki ne ya ɗauka daga baya.

A zama na uku a ba da labarin Nikiya, minti goma sha biyar ya isa, kuma dattawa suna jin daɗinsa. Wani limamin ikkilisiya a Iskandariya ta Masar mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗa shi ne farkon halitta kuma mafi girmanta, amma akwai lokacin da babu shi. Bai raina Yesu ba, ya ɗaga shi sama da mala'iku, sai dai ya ajiye shi ƙasan layin nan na allo. Rigima ta bazu, har Sarki Kwanstantin ya kira bishop-bishop zuwa garin Nikiya a 325. Garin yana ƙasar Turkiyya ta yau, ana ce masa Iznik, kuma a 2025 taron ya cika shekara 1700. Bisa abin da aka gada, bishop 318 ne suka hallara. Suka zaɓi kalmar Girkanci homo'usiyos, wato ainihi ɗaya. Daga baya wasu suka so a sassauta a ce homoi'usiyos, wato ainihi mai kama. Harafi ɗaya ne tsakani, amma tazarar "ɗaya ne" da "ya yi kama" kowane Bahaushe ya san ta, jabun kuɗi ma ai kama yake yi. Atanasiyus, wanda ya je taron yana dikon ya kuma zama bishop na Iskandariya a 328, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa saboda ya ƙi sakin wannan kalma. Hujjarsa ita ce wadda ya kamata ajin su riƙe: halitta ba ta ceton halitta, kuma in Yesu halitta ne, sujadar da ikkilisiya take masa bautar gumaka ce.

A gyara wani zance da yake yawo, cewa a Nikiya aka ƙirƙiro Triniti ko aka zaɓi littattafan Littafi Mai Tsarki. Taron bai tattauna jerin littattafai ba. Kalmar Triniti kuwa wani malamin ikkilisiya, Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya riga ya yi amfani da ita a Latin fiye da shekara ɗari kafin taron. Gaskiya ne kalmar ba ta cikin Littafi, a faɗa wa ɗalibai haka kai tsaye kafin wani ya faɗa musu a waje su ji kamar an ɓoye musu. Suna ne da aka sa wa abin da ayoyi suka nuna.

Ayoyi biyu za su taso ko malam bai kawo su ba, gara ya riga su. Kolosiyawa 1:15 ta kira Yesu ɗan fari, sai a ce ai ke nan shi aka fara halitta. A ci gaba da karatu zuwa aya ta 17, inda aka ce ta wurinsa aka halicci kome kuma yana nan kafin kome. Ɗan fari a nan matsayin magaji ne. Zabura 89:27 ta kira Dawuda ɗan fari alhali shi ne autan gidansu. Ta biyu ita ce Yahaya 14:28, "Uba ya fi ni girma". Amsar shaidar Atanasiyus gajeriya ce: daidai yake da Uba ta wajen Allahntaka, ƙasa yake da Uba ta wajen mutuntaka. A haɗa da Filibiyawa 2:6-11. Taron Kalsidon na 451 shi ya daidaita wannan magana: Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah kuma cikakken mutum, ba a gauraye ba, ba a rabe ba. Yunwa da gajiya da barci da mutuwa na mutuntakar da ya ɗauka ne.

Aya ɗaya kuma kada a dogara da ita. A wasu tsofaffin fassarori 1 Yahaya 5:7 tana ambaton Uba da Kalma da Ruhu a jere, tana cewa ukun ɗaya ne. Wannan jimla ba ta cikin tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci, shi ya sa sababbin fassarori suka cire ta. Koyarwar ba ta bukatarta, kuma wanda ya kafa hujja da ita zai kunyata gaban mai bincike.

Zama na huɗu: Ruhu Mai Tsarki

Kalmar ruhu tana da maƙwabta masu ruɗi a ƙasarmu. Wanda ya tashi kusa da bori zai ji "Ruhu ya sauko" kamar iska ta hau mutum. Wanda ya yi zama da almajirai zai iya ɗauka Mala'ika Jibrilu ake nufi, domin da shi malaman Musulunci suke fassara Ruhul Ƙudusi. Wasu kuma suna jin sa kamar wani ƙarfi ne, irin na lantarki, da ake kunnawa in kiɗa ya yi zafi. A koma layin allo: iska da mala'ika ƙasan layi suke, Ruhu Mai Tsarki yana sama. Ayyukan Manzanni 5:3-4 ita ce mafi sauƙi, Bitrus ya ce wa Hananiya ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya, nan take ya ce Allah ya yi wa ƙarya. Ayyukan Manzanni 13:2 ta nuna yana magana yana aike, Afisawa 4:30 ta nuna ana ɓata masa rai. Ƙarfi ba ya magana, ba a kuma ɓata masa rai. Game da bori, a nuna Galatiyawa 5:22-23: kamunkai yana cikin albarkar Ruhu, iska kuwa hankali take gusarwa.

Shaidar 325 ta tsaya ne a "da Ruhu Mai Tsarki" ba ƙarin bayani. Da wasu suka fara cewa shi ma halitta ne, taron Kwanstantinoful, wato Istanbul ta yau, ya zauna a 381 da bishop 150, ya ƙara cewa shi Ubangiji ne, Mai ba da rai, mai fitowa daga Uba, wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa, wanda ya yi magana ta bakin annabawa. In kwalinku ya ce "daga Uba da Ɗa", ƙarin ikkilisiyar Yamma ne, ya samu gindin zama a Sifen wajen taron Toledo na 589, ikkilisiyoyin Gabas ba su karɓe shi ba, yana kuma cikin abin da ya raba su da Roma a 1054. Ajin baftisma ba ya bukatar fiye da jimla biyu a kan wannan.

Zama na biyar: haɗa ukun ba tare da an ɓata ɗayan ba

Yanzu ne za a yi zanen. A zana da'ira uku kamar kusurwoyin alwatika, a rubuta Uba, Ɗa, Ruhu Mai Tsarki. A tsakiya a zana ta huɗu a rubuta Allah. Daga kowace ta gefe a ja layi zuwa tsakiya a rubuta "ne". Tsakanin na gefen a ja layi uku a rubuta "ba shi ba ne". Ɗalibai su bi da yatsa su fitar da jimla bakwai: Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, Uba ba Ɗa ba ne, Ɗa ba Ruhu ba ne, Ruhu ba Uba ba ne, Allah ɗaya ne. A gargaɗe su cewa da'irar tsakiya ba wani na huɗu ba ne. Ayoyin zaman su ne Matiyu 3:16-17, inda Ɗa yake fitowa daga ruwa, Ruhu yana saukowa, Uba yana magana, duk a lokaci guda. Da 2 Korantiyawa 13:14 da ake rufe sujada da ita. Da Matiyu 28:19. A wannan ta ƙarshen a ja layi ƙarƙashin "sunan". Ba a ce sunayen ba.

Sai matsalar harshe, wadda a ganinmu ta fi kowace wahalar da malamai. Ba a cewa "mutum uku", domin mutum a Hausa ɗan Adam ne, mai ji zai hango mutane uku zaune a kan tabarma. Ba a cewa "kashi uku" ko "ɓangare uku". Laƙabin da aka saba da su ma suna da tarko. "Allah uku cikin ɗaya", yaro yakan yar da wutsiyar ya fita waje yana cewa Allah uku. "Ɗaya cikin uku" kuwa a lissafi sulusi ke nan, kuma a kunnen Musulmi ya yi daidai da abin da Alƙur'ani ya soka a Suratul Ma'ida aya ta 73. In waƙa ta zo da su a rera, amma a bakin bayani a faɗi jimlar cikakkiya: Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. In ana maganar Allah kuma "shi" ake cewa, ba "su" ba.

Hausa tana da makami mai kyau a nan, tambayoyin nan biyu, "mene ne" da "wane ne". Mene ne Uba? Allah. Mene ne Ɗa? Allah. Mene ne Ruhu? Allah. Amsa ɗaya ce, kuma ba irin yadda mutum uku suka yi tarayya a mutuntaka ba, Allahntaka guda ce ba ta rabuwa, iko ɗaya, nufi ɗaya. Wane ne ya aiko? Uba. Wane ne aka gicciye? Ɗa. Wane ne ya sauko ranar Fentikos? Ruhu. Amsa uku. Ɗa wani ne ba Uba ba, amma ba wani abu ba ne daban da Uba. Wanda ya ce ɗaya da ɗaya da ɗaya ai uku ne, a nuna masa ba abu guda ake ƙirgawa sau biyu ba, tambaya biyu ce daban. Kada a rama da ɗaya sau ɗaya sau ɗaya, wasan lissafi ne, ba ya bayyana kome.

Misalai kuwa, shawararmu a rage su ƙwarai, don kowanne yana koyar da wani kuskuren da ikkilisiya ta riga ta ƙi. Duwatsun murhu uku da suke ɗauke da tukunya ɗaya, ko ƙwai da ɓawonsa da farinsa da gwaiduwarsa, suna koyar da cewa kowanne sulusin Allah ne, alhali Uba cikakken Allah ne, Ɗa ma haka, Ruhu ma haka. Ruwa da ƙanƙara da tururi, ko mutum ɗaya da yake maigida a gida, manomi a gona, dattijo a majami'a, suna koyar da cewa ɗaya ne yake sauya riga. Wannan ita ce koyarwar Sabiliyus ta ƙarni na 3, kuma baftismar Yesu a Urdun ta rushe ta: wa yake magana daga sama in shi ne yake fitowa daga ruwan? Rana da haskenta da zafinta ya fi sauran dama, magabata ma sun taɓa shi, amma yana sa a ɗauka Ɗa da Ruhu abubuwa ne da suke fita daga Allah ba su kai shi ba. Ɗalibai za su kawo waɗannan da kansu. Kada a gwale su. A rubuta misalin a allo, a gwada shi da jimla bakwai, su gano da kansu wadda ya karya. Wannan gwaji ya fi misalin kansa koyarwa.

Hadda

Minti goma na ƙarshen kowane zama na hadda ne, kuma salon makarantar allo shi ya fi dacewa: malam ya biya gaɓa ɗaya, aji su amsa sau biyar, sannan a nuna mutum uku su faɗa su kaɗai. A raba ta Manzanni gida uku bisa Uba, Ɗa, Ruhu. Sashen Ɗa ya fi tsawo, a ba shi mako uku. Kowane zama a fara da tilawar na baya. Ga iyaye mata da ba su yi karatu ba, a haɗa kowace da wata daga zumuntar mata ta riƙa biya mata a gida.

Wurare uku harshe yake tuntuɓe. Bilatus Babunti, a gaya musu gwamnan Roma ne a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa 36, an sa sunansa ne don a nuna gicciye Yesu ya faru a sanannen lokaci, ba tatsuniya ba ce. Saukar Yesu wurin matattu, ma'anarta ya mutu da gaske, ba suma ya yi ba. Kalmar katolika kuma, inda lafazinku yake da ita, tana nufin ikkilisiya ta dukan duniya, ba ɗarika ɗaya ba.

Zama na shida: tambayoyin waje da gwaji

A yi shi kamar hira. Malam ya zama maƙwabci mai tambaya, ɗalibi ya amsa da ladabin da ake yi wa babba: "Malam, mu ma Allah ɗaya muke bauta wa." In an ce Maryamu tana cikin ukun, amsa ita ce a'a, babu wata ikkilisiya da ta koyar da haka, Katolika suna girmama ta amma ba sa lissafa ta cikin Triniti. In an ce wa Yesu yake yi wa addu'a, Ɗa ne yake magana da Uba, ba da kansa yake magana ba. In an ce wa ya riƙe duniya kwana ukun da ya mutu, mutuntakarsa ce ta ɗanɗani mutuwa, Allahntaka ba ta mutuwa. A koya musu su faɗi nasu su tsaya, ba tare da taɓa addinin mai tambaya ba, kuma in muryoyi suka fara tashi, a kasuwa ko a tasha ko a Facebook, su ce "sai an jima" su wuce. Wanda aka tambaye shi abin da ya fi ƙarfinsa ya ce zai tambayi malaminsa.

Gwajin da baki ake yi, mutum ɗaya ɗaya, minti biyar kowa: ya karanta shaidar, ya faɗi jimla bakwai, ya nuna inda Ɗa da Ruhu suke a layin allo, ya bambanta haihuwa biyu. Daga ƙarshe a ce ya yi addu'a. A nan ake kama abin da hadda ta rufe. In ka ji "Ya Uba, mun gode da ka mutu dominmu a kan gicciye", Uba da Ɗa sun cakuɗe a kansa. In ka ji yana roƙon Allah sannan yana ambaton Yesu kamar wani waliyyi mai kai saƙo, Ɗa ya zame ƙasan layi. Tsarin da za a gyara masa shi ne na Afisawa 2:18, zuwa ga Uba, ta wurin Ɗa, cikin Ruhu. Wanda ya cakuɗa a ba shi ƙarin zama biyu shi da malam kafin a miƙa sunansa ga Baba Fasto. Tsohuwar da ba ta iya jero jimla bakwai ba amma addu'arta ta fita daidai, a rubuta sunanta cikin waɗanda suka shirya.